Ruwa da Gishiri

A Valparaíso gidaje kan tudu suke,
sun yi layi kamar tantabaru a bakin katanga.
Teku na ƙasa, jiragen ruwa na kuka tun asuba.
Shagon burodina na kan taki na tamanin da huɗu;
mai hawa da mai sauka, duk ta gabana suke wucewa.

Evaristo Quilodrán ya yi shekara talatin da ɗaya
a kujerar bas guda,
dizal a hanci, taba a leɓe,
da dare jar giya, kofi biyun da suka girma suka zama kwalba.
Ranar da ya miƙa makulli
farin idonsa ya koma gwaiduwar ƙwai,
ƙafa ta kumbura, takalmi ya ce ba da ni ba.

Likita Ximena ta daɗe tana kallon takardar jini.
"Hanta ta gaji," in ji ta, "ƙoda na gunaguni.
Ajiye kwalba. Yi tafiya."
Ya ce, "Zuwa ina?"
Ta nuna taga, inda matakala ke hawa.

Ranar farko a taki na ashirin ya tsaya,
ya rungume ƙarfen gefe kamar mai neman gafara.
Tari ya fito da abin da ba a faɗa kusa da burodi.
Wata tsohuwa ta wuce shi da kwandon kifi a hannu,
ko haki ba ta yi.

Wata biyu ya ɗauka kafin ya iso ƙofata.
Ya tuɓe riga, ya matse ta kan siminti.
"Nélida, kin ga dafin?
Wannan hayaƙin hanyar Viña ne.
Wannan kuma giyar daren da aka binne Amparo."
Ban musa ba. Na cika masa kofi,
ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Da ya kai wa likita labari sai ta yi dariya.
"Don Evaristo, gumi ruwa ne da gishiri.
Masu sharar suna ciki:
hanta ta tace, ƙoda ta zubar,
huhu ya kori iskar da ta gama aiki.
Kai jini kake tura musu,
kamar mai buɗe wa mai wanki famfo.
Kuma awar da ka yi kan matakala,
mashaya ce ta rasa ta."

Ya dawo fuska a murtuke.
"An raina gumina," in ji shi.
Kwana uku ban ji takunsa ba,
na riƙa leƙen ƙasa har burodi ya ƙone mini sau ɗaya.
Rana ta huɗu, kafin kaji su gama cara,
sai ga numfashin nan da na sani,
ya wuce ƙofata bai ko waiwayo ba.

Yanzu har ƙoli yake kaiwa, ɗari da sittin da biyu.
Idon bai gama washewa ba,
likita ta ce wani tabon ba ya goguwa.
Amma takalmi ya shiga,
barci ya daina yi masa rowa,
jiya har ya riƙe wa tsohuwar nan kwandonta.

Rigar kuwa bai fasa matsewa ba.
Na ce, "Ba an ce ruwa ne da gishiri ba?"
Ya nuna ƙasa da haɓa, inda jirgi ke fita.
"Wancan fa, mene ne?
Dubi nauyin da yake kwashewa."

Yau na rufe tanda da wuri.
Shekara ashirin ina shaƙar gari a ɗaki ɗaya,
ban taɓa ganin rufin shagona daga sama ba.
Na kai taki goma sha bakwai,
gwiwa na zagina, ƙirji na duka,
bakina da ɗanɗanon teku.